Sunan yayanmu ne a kan adireshin gidan gado, shin gidan ya zama nasa?

Assalamu alaikum, Lauya. Ni mazauniyar Aboabo ce a Kumasi. Mahaifinmu ya rasu a 2017, ya bar gida ɗaya da ya gina da guminsa, ya bar mu mu bakwai da mahaifiyarmu, bai bar wasiyya ba. Takardun da ke hannun Mama duk tsohuwar lamba ce a jikinsu, ta fuloti da bulok. Daga baya aka sa wa layinmu suna, aka manna sabuwar lamba a ƙofa. Babban yayanmu ne ya tsaya da ma'aikata suka zo, shi ya ciro adireshin Ghana Post GPS a wayarsa, yanzu kuma takardar harajin gida da sunansa take zuwa. Da muka tayar da maganar kuɗin hayar ɗakuna, sai ya ce mu je mu tambayi gwamnati wa ta sani a gidan. Ƙanena kuma ya je banki, aka ce lambar da ke takardarsa ta saɓa da ta ƙofa. Shin gidan ya zama na Yaya ke nan? Ina mafita?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya ƙara wa Mama lafiya. Ki kwantar da hankalinki, gidan bai zama na yayanku ba. Adireshi wurin da gida yake kawai yake nunawa, ba ya faɗin mai shi. Sai dai kada wannan ya sa ku naɗe hannu, domin akwai gyaran da in ba ku yi shi yanzu ba, 'ya'yanku ne za su yi ta hawa da sauka a kotu a kansa.

Gidanku yana da lambobi uku, kuma kowace da inda ta fito. Tsohuwar lambar fuloti da bulok daga tsarin rabon filaye ta zo, ita ce ke tafiya tare da taswirar da safiyo ya zana, kuma ita ce ta fi kusa da maganar mallaka. Sunan layi da lambar ƙofa aikin Asambili ne, wato majalisar ƙaramar hukuma. A 2013 Shugaba John Mahama ya umarci dukkan majalisun su sa wa tituna suna su ba gidaje lamba, kuma sashen tsara gari na kowace Asambili ne ke riƙe da rajistar. Dokar Ƙananan Hukumomi mai lamba 936 da Dokar Tsara Amfani da Ƙasa mai lamba 925, duka na 2016, su ne ginshiƙin ikon da majalisun suke da shi kan tsarin gari da harajin gidaje. Ta uku ita ce ta Ghana Post GPS, wadda Shugaba Akufo-Addo ya ƙaddamar a Oktoban 2017. An yanka ƙasar duka zuwa ƙananan murabba'ai, mita 5 tsawo mita 5 faɗi, kowane da lambarsa. Harafin farko jiha yake nunawa, na biyu gunduma, shi ya sa na cikin birnin Kumasi suke farawa da AK. Lambar da ma'aikatan ƙidaya suka rubuta a bango a 2021 kuwa ba adireshi ba ce sam, don aikinsu suka yi ta.

Ki duba yadda ta ukun take samuwa. Duk wanda ya tsaya a ƙofar gidanku da waya zai ciro ta, ko ɗan haya ne, ko mai tallan koko da ya tsaya shan inuwa. Babban gida irin namu na Zango ma yakan ba da lamba fiye da ɗaya, ta ƙofa daban, ta ɗakin ƙurya daban, saboda ya wuce mita 5. Babu alƙalin da zai ɗauki wannan a matsayin hujjar mallaka. Ku dai ku daidaita kan lambar bakin ƙofa, kowa a gidan ya riƙa ba da ita, kada katin ɗan ƙasa na wannan ya nuna wata, na wancan ya nuna wata.

Takardar haraji ce ta fi damuna. Ita ma ba takardar mallaka ba ce. Ma'aikacin da ya zo ƙirga gidaje sunan wanda ya tarar ko wanda aka faɗa masa yake rubutawa, burinsa ya san wanda zai miƙa wa takardar biya. Amma idan rigima ta kai kotu, kowa yakan zo da abin da zai nuna cewa shi ke riƙe da gida, kuma rasit na shekara da shekaru da suna ɗaya yana da nauyinsa, musamman in ɗaya ɓangaren ya zo hannu rabbana. Ga kuma Dokar Ƙayyade Lokacin Ƙara ta 1972, wadda ta ba da shekara 12 don neman fili ko gida daga hannun wanda ya riƙe shi yana musun haƙƙin mai shi. Ɗan'uwan da yake zaune da yardar dangi ba ya cikin wannan sahu. Amma ranar da ya fito fili ya ce nasa ne shi kaɗai, ya riƙe kuɗin haya, kuka yi shiru, kun buɗe wa lauyansa ƙofar cewa lissafi ya fara daga ranar. Abin da yayanku ya faɗa ya kusa da haka, shi ya sa ba na son maganar ta tsaya a baki.

Ku fara da Asambili, kuma ku tabbatar kun je wadda ta dace. Mutane da yawa har yau KMA, wato majalisar birnin Kumasi, suke nufa saboda sabo, alhali tun 2012 aka cire Asokore Mampong aka yi mata majalisarta, kuma Aboabo, Asawase da Sawaba a ƙarƙashinta suke. A 2018 aka ƙara cire Oforikrom, Kwadaso, Suame, Asokwa da Old Tafo. Ku rubuta wasiƙa zuwa sashen tsara gari, ku haɗa da kwafin taswirar fili, tsofaffin takardun Baba, takardar shaidar rasuwarsa, hoton lambar ƙofa da lambar GPS. Abu biyu za ku roƙa. Na farko, wasiƙar hukuma da ke tabbatar da cewa fuloti kaza bulok kaza shi ne gida mai lamba kaza a layi kaza. Na biyu, a gyara rajistar haraji, a cire sunan mutum ɗaya a sa na marigayi a matsayin gidan magada, har zuwa lokacin da za a kammala rabo. Ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa da kwanan wata. Wannan kwafin shi kansa shaida ne cewa ba ku amince ba, kuma ba ku yi barci ba.

Ku tafi da ɗan majalisar unguwarku in zai yiwu, ya san ofisoshin kuma aikinsa ne. In an yi ta ce muku ku dawo gobe, kowace Asambili tana da kwamitin karɓar koke wanda shugaban zaman majalisa ke jagoranta. Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2019, mai lamba 989, ta ba ku damar neman ganin abin da aka rubuta game da gidan, kuma jami'in yana da kwana 14 ya yanke shawara kan buƙatarku. Bayan nan akwai CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, wadda ke sauraron koke kan ofisoshin gwamnati ba tare da kuɗin lauya ba.

Ina roƙonku da babbar murya, kada kowa ya taɓa tsofaffin takardun. Kada a goge lamba, kada a ƙara sabuwa da biro don su yi daidai da ƙofa. Takardar da aka yi wa gyaran hannu ta zama abar zargi, ko da niyyar kirki aka yi. Canjin sunan layi ba ya rage wa takardar fili komai, domin taswira ce ke nuna fili, kuma taswira ba ta motsa ba. Wasu za su ce ku je ku yi rantsuwa a gaban kwamishinan rantsuwa, magana ta ƙare. Rantsuwar tana da amfani wajen bayyana cewa lambobin biyu gida ɗaya ne, amma bakinku ne kawai aka rubuta, ba ta ba kowa mallaka. Idan yayanku ya yi irinta da sunansa, ita ma iyakarta ke nan.

Daga nan sai Hukumar Filaye. Ku biya kuɗin bincike da taswirar gidan, a ba ku sakamako a rubuce: sunan wa ke kan filin, kuma ko wani ya shigar da sabuwar takarda bayan 2017. Wannan ne zai nuna ko maganar yayanku ta tsaya a fatar baki ko ta wuce nan. In kun ga ana ƙoƙarin yin rajista da suna ɗaya, lauya zai shigar da takardar ƙin amincewa nan take. Ku kuma duba irin takardar da Baba ya bari. Yawancin filayen Kumasi na sarauta ne, kuma Kundin Tsarin Mulki na 1992 ya hana sayar da irinsu sayarwa ta har abada, haya ce ta shekaru. Gidaje da yawa a unguwanninmu takardar rabon fili daga sarki kawai suke da ita, kuma Kotun Ƙoli ta ce wannan matakin farko ne, ba ita ce takardar miƙa fili ba. In ita kaɗai ce a hannun Mama, akwai sauran aiki a ofishin filaye na Asantehene, sarkin Asante, a fadarsa ta Manhyia da Hukumar Filaye. In kuwa cikakkiyar takardar haya ce, ku duba shekarar da za ta ƙare, da kuma ko ana biyan kuɗin ƙasa na shekara.

Asalin mallakar gidan a dokar gado take. Tunda babu wasiyya, dokar rabon gadon wanda bai bar wasiyya ba, wato Dokar PNDC mai lamba 111 ta 1985, ce kotu za ta duba. Ta ce in mamaci ya bar gida ɗaya wanda shi ya mallaka da kansa, ba na dangi ba, gidan na matarsa da 'ya'yansa ne tare. Babba ba shi da fifiko saboda girmansa, kuma laifi ne a fitar da matar mamaci ko ɗansa daga gidan kafin a raba gado. Na san mu Musulmi muna son a raba yadda Shari'a ta tsara, kuma in duk magada sun yarda, malamai su raba, a rubuta, kowa ya sa hannu. Ko ta wace hanya aka bi, ɗa ɗaya ba ya cinye gida alhali uwa da 'yan'uwa suna raye.

Abin da ya kamata a yi tun 2017 shi ne neman takardar izinin kula da gado daga kotu. Har yanzu ƙofa a buɗe take. Shawarata Mama ta nema tare da mutum biyu cikinku, kuma in yayanku ya sauko a sa shi ciki, don a cire masa tsoron cewa ana son a ture shi. Kotu takan sa a manna sanarwa, har a jikin gidan, kafin ta bayar. Nan ma za ki ga amfanin wasiƙar Asambili, domin dole a bayyana gidan yadda ba za a rikita shi da na maƙwabta ba. Masu izinin su ne za su karɓi haya da sunan kowa, su biya haraji daga ciki, sannan su yi takardar miƙa gidan ga magada a kai ta rajista. Kafin a kai nan ma ba ku rasa kariya ba. A 2018 Kotun Ƙoli ta yanke cewa 'ya'yan mamaci suna iya tsayawa a kotu su kare dukiyar gado ko da ba a karɓi wannan izini ba tukuna.

Ban ce ku fara da sammaci ba. Yayanku ne, kuma mai yiwuwa shekarun da ya yi yana biyan haraji da gyaran rufi ne suka sa yake jin gidan a wuyansa yake shi kaɗai. In ya kashe kuɗinsa, a lissafa a mayar masa, wannan haƙƙinsa ne. Ku zauna da baffanninku da limamin unguwa, in ta ƙi a kai fadar Sarkin Zango. Amma ku je zaman da sakamakon bincike da kwafin wasiƙarku a hannu, kuma duk abin da aka cim ma a rubuta shi, har da yadda za a riƙa raba kuɗin haya kafin a gama. In kuɗin lauya ya yi muku nauyi, Hukumar Taimakon Shari'a tana da ofis a Kumasi, kuma tana yin sulhu tsakanin dangi.

Game da ƙanenki, ya tambayi bankin abin da suke nema takamaimai. In shaidar wurin zama ce, wasiƙar Asambili da lambar GPS ta bakin ƙofa da takardar wuta za su wadatar a mafi yawan lokuta. In kuwa gidan yake so ya ba da jingina, to ya dakata. Yadda yayanku ba shi da ikon sayarwa shi kaɗai, haka shi ma ba shi da ikon jinginarwa, sai an kammala takardun gado kuma dukkanku kun sa hannu.