Amsa ga Alhajin da ɗansa zai buga ƙwallon jami'a a Amurka

Assalamu alaikum Alhaji. Allah ya sanya albarka a wannan gurbi da yaro ya samu. Ka ce wata jami'a a Amurka ta ɗauke shi karatu kyauta saboda ƙwallon nan tasu ta kwalkwali da ture-ture, kuma abin da ya tsaya maka a rai shi ne, in annoba irin korona ta sake ɓarkewa, anya za a iya ci gaba da wasan? In kuma an tsaya, me zai faru da karatun nasa?

Ina can aka yi ta 2020. Lokacin ina digiri na uku a wata jami'a da ke rukunin Big Ten, ɗaya daga cikin rukunan manyan jami'o'in da ke karawa da juna a wasanni, ina kuma taya wani farfesa duba ayyukan 'yan aji ɗaya da aji biyu, har da 'yan ƙwallo biyu a cikinsu. Za a iya bugawa, Alhaji, don an buga a gabana. Sai dai yadda aka buga ɗin ne nake so ka ji, domin a nan ne amsarka take.

Tun watan Maris aka fara rufe komai. Ranar 12 ga wata hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta soke babbar gasar ƙwallon kwando. Da bazara ta yi nisa sai hankali ya koma kan ƙwallon kaka. Rukunin Ivy League, su Harvard da Yale, suka ce ba za su buga ba tun 8 ga Yuli, kuma ba su sauya magana ba har shekara ta ƙare. Ranar 11 ga Agusta Big Ten da Pac-12 suka ɗage nasu. Amma rukunan SEC da ACC da Big 12, waɗanda yawancin jami'o'insu ke kudu, suka ce su kam babu fashi. Ƙasa ɗaya, cuta ɗaya, kowane ɓangare kuma yana cewa shawarar likitocinsa ya bi. Daga nan matsin lamba ya taso ta ko'ina: iyayen 'yan wasa suka yi zanga-zanga, ɗan wasa Justin Fields na jami'ar Ohio State ya tattara sa hannun dubban mutane, shi da Trevor Lawrence na Clemson suna cewa suna son buga wasa, Shugaba Trump ma ya kira kwamishinan Big Ten, Kevin Warren, a waya. Ranar 16 ga Satumba Big Ten ta janye matsayinta, aka fara wasa a ƙarshen Oktoba.

Dalilin da suka bayar shi ne an samu gwajin gaggawa da za a riƙa yi wa 'yan wasa kullum. Gaskiya ne an samu. Amma duk wanda ya zauna a irin garuruwan nan ya san akwai kuɗi a ƙarƙashin maganar. Filin jami'ar Michigan kaɗai yana cin mutum sama da 107,000. Kuɗin talabijin da na tikitin ƙwallon nan su ke ɗauke da ninƙaya da kokawa da guje-guje da sauran wasannin da ba sa kawo ko sisi. Shi ya sa tun a Yulin 2020 jami'ar Stanford ta sanar za ta rufe wasanni 11, ko da yake ta fasa a shekarar da ta biyo baya. Akwai wani bawan Allah Musulmi mai gidan abinci kusa da filinmu, wurinsa muke sayen naman halal. Ya taɓa ce min Asabar shida ko bakwai da ake wasa a gida su ke biya masa hayar shago ta rabin shekara. A kakar nan Big Ten ba ta sayar da tikiti ba, iyalan 'yan wasa kawai ake bari su shiga. Na wuce ta gaban shagonsa wata Asabar ana wasa, na tarar ya kifa kujeru a kan tebura, shi kaɗai yana kallon wasan a talabijin, filin kuma ga shi can ana hango shi ta taga.

Mutane da yawa sun riƙa tambaya, me ya hana a yi musu yadda aka yi wa 'yan NBA, wato gasar ƙwararrun 'yan ƙwallon kwando, da aka killace su wuri guda a Orlando har suka gama gasa lafiya? Waɗancan ma'aikata ne, suna da albashi da ƙungiyar da ke yi musu ciniki, 'yan wasan kowane kulob kuma ba su wuce mutum goma sha wani abu ba. Ƙungiyar ƙwallon jami'a tana da 'yan wasa sama da ɗari, ban da koci-koci da masu ɗaura bandeji da masu wanki. Sannan jami'o'in sun shafe shekaru suna cewa yaran nan ɗalibai ne kamar kowa, shi ya sa a lokacin ba a biyansu. In ka ware su a otal wata huɗu don su buga wasan da za a sayar wa talabijin, ka ƙaryata kanka. To amma kusan hakan ta faru ta bayan gida. Jami'ar North Carolina ta mayar da ɗalibanta karatu ta intanet bayan mako ɗaya da buɗewa a watan Agusta, ɗakunan kwana suka watse, 'yan ƙwallo kuwa aka ci gaba da kakarsu. Wannan abu ya daɗe yana ci min rai.

Ɗaya daga cikin yaran ajina irin manyan nan ne da ke tsayawa a sahun gaba, ƙato ne sosai amma ga ladabi. Kullum da asuba sai an zura masa tsinken gwaji a hanci kafin ya shiga atisaye. A watan Nuwamba gwaji ya nuna ya kamu. Dokar Big Ten a lokacin ita ce kwana 21 ba ka taɓa wasa, kuma sai an duba zuciyarka kafin ka dawo. Kakar gaba ɗaya mako tara ce, ka ga kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Muka yi magana ta bidiyo yana ɗakin da aka killace shi, ana ajiye masa abinci a bakin ƙofa. Na zaci zancen makin jarrabawa zai yi min. Sai ya ce abin da ke hana shi barci hoton zuciyar da za a ɗauka ne, don in aka ga wani abu, shi ke nan, kuma kakarsa da ta raine shi a kansa ta ɗora duk burinta. Alhamdu lillahi zuciyarsa ta fito lafiya. A makon nan ni ma zazzaɓi ya kama ni. Na bi layin motoci na yi gwaji, na yi kwanaki ina jiran sakamako, alhali shi nasa kafin ya gama karin kumallo yake fitowa. Ban ji haushin yaron ba ko kaɗan, ba shi ya tsara ba. Amma na gane cewa wasan ya yiwu ne don an tara musu abin da sauran jama'ar gari ba su samu ba.

Maganar zuciyar nan ka riƙe ta da kyau, don ita ce ta fi tsorata likitocin Big Ten tun farko. Ƙwayar cutar kan haddasa kumburin tsokar zuciya, kuma mai wannan kumburi in ya yi gudu mai tsanani yana iya yanke jiki ya faɗi. Binciken da aka fitar a 2021 kan 'yan wasan Big Ten 1,597 da suka kamu ya samu 37 da kumburin, kuma mafi yawansu ba su ji alamar komai a jikinsu ba, na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki ce ta gano. Adadin bai kai yadda aka ji tsoro ba, amma uban da ɗansa ke cikin 37 ɗin nan ba zai kira shi kaɗan ba.

Wani abin da ya ba ni mamaki, ni da nake ganin yadda suke haɗa goshi suna huci a fuskar juna, na ɗauka a cikin fili cutar za ta fi yaɗuwa. Ashe ba haka ba. Binciken da aka yi kan wasannin SEC, inda aka maƙala wa 'yan wasa na'urar da ke auna kusancinsu da juna, bai gano wanda ya ɗauka daga abokin karawarsa ba. Fili a buɗe yake, karon kuma na daƙiƙoƙi ne. Inda ake ɗauka shi ne gidan da mutum huɗu ke haya tare, da teburin cin abinci, da mota, da ɗakin taro, da walimar dare.

Kakar da kanta ta tafi ne da ɗingishi. Wasanni sama da ɗari aka soke ko aka ɗage. Wisconsin ta buga wasanta na farko, cuta ta ɓarke a cikinsu, aka soke biyu na gaba. Trevor Lawrence da ya jagoranci kiran a buga ya kamu a ƙarshen Oktoba, bai buga wasan da Notre Dame ta doke su ba, wanda bayansa dubban ɗalibai suka kwararo cikin fili suna rungumar juna a tsakiyar annoba. Kocin Alabama, Nick Saban, mai shekara 69 a lokacin, daga gida ya kalli wasansu da Auburn. Vanderbilt ta rasa masu bugun ƙafa saboda cutar har ta ɗauko Sarah Fuller, mai tsaron ragar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata. Karawar Michigan da Ohio State, wadda ake yi duk shekara tun 1918, ba a yi ta ba. Wasan Rose Bowl, ɗaya daga cikin manyan wasannin ƙarshen kaka, aka ɗauke shi daga Kalifoniya zuwa Teksas. A wasan ƙarshe na kakar Alabama ta ci Ohio State 52 da 24 ranar 11 ga Janairun 2021, a gaban 'yan kallo kusan 15,000. Ƙananan jami'o'i da yawa da ba su da kuɗin gwajin kullum sai suka mayar da kakarsu bazarar 2021, wasu kuma suka haƙura gaba ɗaya. Ko bayan rigakafi ya samu, a Disambar 2021 an soke wani wasan ƙarshen kaka mai suna Holiday Bowl ana saura sa'o'i a fara.

Ra'ayina, Alhaji, komai ya rataya ne a kan wa cutar ke kashewa. Korona ta fi kayar da tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini, shi ya sa aka iya yin kasada da samari. Murar 1918 kuwa matasa majiya ƙarfi ta riƙa ɗauka, kuma a shekarar, ga yaƙi ga annoba, wasa biyar kacal Michigan ta buga. In mai zuwa irin wannan ce, Allah ya kiyaye, babu gwajin da zai sa in yarda ɗana ya shiga fili. In kuma irin korona ce, zan yarda, amma sai bayan rigakafi ko gwaji na yau da kullum, kuma sai in yaron yana da ikon cewa a'a ba tare da ya rasa komai ba.

A kan wannan na ƙarshe ga abin da zai ɗan kwantar maka da hankali. A Agustan 2020 NCAA ta wajabta wa jami'o'i su bar wa duk ɗan wasan da ya janye saboda korona tallafin karatunsa, ta hana su sa yara sa hannu a takardar yafe haƙƙinsu na kai ƙara, ta kuma ƙara wa kowa shekara ɗaya ta buga wasa. Sai dai wannan hukunci ne na shekarar, don haka kada ka dogara da shi. Kafin yaro ya sa hannu, ka nemi a nuna maka a rubuce ko tallafin na shekara huɗu ne ko na shekara-shekara da ake sabuntawa, da abin da zai faru da shi in an soke kaka ko shi ya janye don lafiyarsa. Ka tambayi wa ke biyan kuɗin asibiti da hoton zuciya, kuma wa ke da maganar ƙarshe kan dawowarsa fili, likita ko koci. In yana da asma ko yana ɗauke da ƙwayar sikila, ya faɗa musu tun ranar farko, kada ya ɓoye don tsoron benci. Ka kuma karɓi lambar likitan ƙungiyar ka ajiye a wayarka, ban da ta kocin da ya zo neman sa.