Tambaya da Amsa: Shin Baba yana sane da mu?

Tambaya: Malam, mahaifinmu ya rasu bayan ƙaramar Sallah. Tun daga nan, in na zauna lazimi bayan Asuba sai zuciyata ta tafi maƙabarta, ina tunanin ko yana sane da mu. Har fafutukar da nake yi a Kasuwar Kara na fara ganin ba ta da amfani. Daga wani ɗan'uwa a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa. Ɗan'uwa, mamaci bai zama babu ba. Suratul Mu'uminun, aya ta 100, ta ambaci barzahu, shamakin da ke tsakaninsa da duniya har ranar tashi. Bukhari ya ruwaito cewa yana jin ƙarar takalman masu jana'iza in sun juya, sannan mala'iku biyu su zaunar da shi su yi masa tambaya.

Wannan tunanin da ke zo maka cikin lazimi, kada ka kore shi da ƙarfi. Tsaya da carbin a hannunka, ka yi masa addu'a da sunansa, sannan ka ci gaba. Muslim ya ruwaito cewa addu'ar ɗa nagari tana cikin abubuwa uku da ba su yankewa mamaci.

Batun kasuwa kuwa, ban yarda ba ta da amfani ba. Akuyar da ka faɗi aibinta kafin a yi ciniki, da abincin da ka kai wa Inna, duk ibada ne. Ka kuma bincika ko akwai masu bin Baba bashi, a fara biyansu kafin rabon gado.