Amsa ga mai tambaya kan faɗaɗar Amurka da bautar da bayi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce an ba ku aikin gida kan yadda faɗaɗa ƙasa da bauta suka haɗa kan Amurka kuma suka raba ta, kin rasa ta inda za ki kamo bakin zaren. Wallahi na tausaya miki, don irin wannan tambayar ce ta sa na maimaita kwas a aji uku.

Malaminmu, ba zan kama suna ba, yana da 'yar takardar da yake sayar mana, abin da ke ciki kawai: mutanen Arewacin Amurka masu imani, na Kudu azzalumai. Ni kuwa na rubuta cewa audugar da bayi ke tsinka a Misisipi da Alabama, can Kudu, ita ke ciyar da masaƙun garin Lowell a Masacuset ta Arewa, bankunan New York ke ba masu gonakin bashi, kowa na lasar romon. Sai mutumin nan ya ɗaga takardata a gaban aji, yana karantawa yana jan murya, wai ga sabon farfesa. Aji ya fashe da dariya, har waɗanda na kwana ina koya wa. Na bi shi ofis, ko zama bai ce in yi ba, yana ɓare gyaɗa ya ce in je in buɗe jami'ata. Har yau ban ga layin da ya ja ya ce nan ne kuskure ba. Allah ya isa, ban yafe ba.

To ke dai kada ki raba amsar gida biyu. Abin da ya haɗa su shi ya raba su. Ki ƙirga kujerun majalisar dattawa, kowace jiha biyu gare ta. Da Shugaba Jefferson ya sayi yankin Luwiziyana daga Faransa a 1803 kan dala miliyan 15, ƙasar ta kusa ninkawa, manoma na murna. Amma duk yankin da zai zama jiha sai an tambaya: da bayi ko babu? A 1819 jihohi 11 ne kowane ɓangare, masu bayi da marasa bayi, shi ya sa a 1820 aka amince a shigar da Mizuri da bayi, aka yanko Maine daga Masacuset ba bayi, aka ja layi a taswirar yankin Luwiziyana, aka ce ban da Mizuri ba bauta a arewa da shi.

Af, ki nemi taswira, kada ki yi haddar shekaru kawai. Kuma ki ambaci 'yan asalin ƙasar, irin su Cherokee, da dokar 1830 ta sa aka kora yamma. A filayensu aka shuka audugar. Malamai kan tsallake wannan, abin yana ba ni haushi.

An hana shigo da bayi daga waje a 1808, amma ciniki bai tsaya ba. Daga Bajiniya ake kora mutane kudu a ɗaure, a raba uwa da ɗa, har bayi suka kai kusan miliyan 4 a 1860. Sai aka shigar da Texas da bayi a 1845, sai yaƙin Meziko da ya kawo Kalifoniya a 1848. Sulhun 1850 ya tilasta wa 'yan Arewa taya kamo bawan da ya gudu, nan zukata suka ɓaci. Dokar Kansas da Nebraska ta 1854 ta share layin 1820, aka zub da jini a Kansas, har Preston Brooks, ɗan majalisar wakilai daga Kudu, ya lakaɗa wa Sanata Charles Sumner mai adawa da bauta duka da sanda cikin zauren majalisa a 1856.

Ki fara gano halin malaminku kafin ki zuba duk wannan, ki tambayi 'yan ajin gaba. In kin gama ki turo nan, mu duba miki kafin ki miƙa.