Yadda za a tsara maƙalu idan suna ɗaya yana nufin abubuwa da yawa

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za a yi da suna irin Kano a kundin ilimi, tun da ba abu guda yake nufi ba. Shawarata ita ce kowace ma'ana ta samu maƙalarta daban, domin birnin Kano, da Jihar Kano da aka ƙirƙira a 1967, da Masarautar Kano, da Lardin Kano na zamanin mulkin mallaka, da Kogin Kano, kowanne yana da tarihinsa da iyakarsa. Idan aka cusa su wuri guda, mai karatu zai ɗauki adadin mutanen jiha a matsayin na birni, ko kuwa ya manta cewa an cire Jigawa daga jihar a 1991, don haka alƙaluman da suka gabaci wannan shekara sun ƙunshi ƙasar da ta fi ta yau faɗi.

A ganina birnin ne ya cancanci sunan kai tsaye, saboda shi ne tushen sauran, kuma shi mafi yawan masu bincike suke nema. A saman maƙalarsa sai a sa layi guda da zai kai mutum ga shafin rarrabewa, inda za a jera sauran ma'anoni, kowace da bayani na jimla ɗaya kawai. Malam Aminu Kano da Jigoro Kano, Bajapanen da ya kafa wasan judo, su shiga sashen sunayen mutane a ƙasan shafin.