Ku Tambaya Mu Amsa: Su wa suka fara wannan kiɗan mai juya kai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni dai ina son tsofaffin waƙoƙin rok, kuma duk sanda aka zo maganar kiɗan saikadelik, wato kiɗan nan mai juya kai, sunan Beatles da Pink Floyd da Jimi Hendrix kawai nake ji. To kwanan nan yayana ya kunna min wata waƙa ta 1966, sautin nata duk a cakuɗe kamar a ɗaki aka ɗauka, ya ce wai irin waɗannan yaran da ba wanda ya san su ne suka share hanya. Don Allah gaskiya ne ko son abinsa ne kawai? In kuma gaskiya ne me ya sa sunansu ya ɓace? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, gaskiya tambayar nan ta yi min daɗi. Yayanki yana da gaskiya, amma bari mu ba kowa haƙƙinsa, don yaran nan su ma daga Ingila suka ɗebo wuta. A watan Fabrairun 1964 ne Beatles suka fito a shirin talabijin na Ed Sullivan a Amurka, to daga nan fa samari suka rikice, kowa sai ya nemi gita da ganga, a haɗu mutum huɗu ko biyar a garejin motar iyaye a yi ta bugu har maƙwabta su gaji, shi ya sa daga baya aka sa wa abin suna rok na gareji. Yawancinsu ba su iya kiɗan sosai ba, so suke su yi irin na Rolling Stones da Yardbirds amma hannu bai kai ba kayan aiki kuma na araha, sai abin da ya fito ya zama wani abu daban, mai kaushi, mai hayaniya, kuma a ganina nan ne asirin yake.

Akwai wani ɗan akwati da ake ajiyewa a ƙasa a taka da ƙafa, Maestro Fuzz-Tone, tun 1962 yake kasuwa ba a damu da shi ba sai da Rolling Stones suka yi amfani da shi a 1965, yana sa gita ta yi ƙugi kamar zuma ta cika tulu. Yaran gareji suka rungume shi, suka haɗa da ƙaramar ogan mai tsiwa da amsa-kuwwa, su riƙe sauti ɗaya suna maimaitawa har kan mutum ya fara juyawa. Count Five na San Jose a Kalifoniya sun yi "Psychotic Reaction" a 1966 ta kai lamba 5 a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, ana cikin tafiya a tsakiyar waƙar sai kiɗan ya kwance ya zura da gudu. Electric Prunes kuma waƙarsu ta ƙarshen 1966 da wani gunjin gita mai karkarwa take buɗewa, wanda aka juya tef aka kunna shi ta baya.

Amma ni wanda ya fi tsaya min a rai shi ne 13th Floor Elevators na garin Austin a Texas. Mawaƙinsu Roky Erickson yana da wata irin kururuwa da in kin ji ta sau ɗaya ba za ki manta ba, sannan akwai Tommy Hall, shi ba gita ba ganga, tulu yake riƙewa kusa da bakinsa, makirfo a gefe, yana yin sauti da leɓe tulun yana amsawa, sai ki ji wani tukutukutuku yana yawo a saman kiɗan kamar ruwa na tafasa. Faifansu na farko a 1966 yana cikin na farkon farko da suka rubuta kalmar saikadelik ɓaro-ɓaro a jikin suna, wato tun kafin faifan farko na Pink Floyd da na Hendrix, waɗanda sai 1967 suka fito. Labarin Roky kuma akwai ban tausayi wallahi, ƙungiyar ta nutse a ƙwayar LSD, aka kama shi da wiwi a 1969, ya ƙare a asibitin masu taɓin hankali na Rusk har 1972, ya daɗe ƙwarai kafin ya dawo daidai. Ya rasu a 2019.

Batun ɓacewar suna kuwa ba wani abin mamaki ba ne. Ƙananan kamfanoni ne ke buga musu faifai, rediyon garinsu kaɗai ke sa su, waƙa ɗaya ta yi tashe shikenan, wasu aka ɗebe su soja zuwa yaƙin Biyetnam, wasu suka koma makaranta kamar 'yan Count Five.

Sai a 1972 wani marubuci kuma makaɗin gita, Lenny Kaye, ya tattara waƙoƙi 27 na irin waɗannan ƙungiyoyi a kundin Nuggets na kamfanin Elektra, kuma daga wannan kundin ne 'yan baya da yawa suka sha. Spacemen 3 na Ingila sun sake rera waƙar Elevators a 1986, Primal Scream ma suka yi haka a 1991, sannan Black Angels na Austin suka kafa bikin kiɗan saikadelik a 2008 wanda daga baya aka sa masa suna Levitation, sunan wata waƙar Elevators ɗin, har su Roky suka sake haɗuwa suka hau dandalinsa a 2015 yana da furfura.

In za ki fara, ki nemi Nuggets ki sa abin kunne, ki kai kan "You're Gonna Miss Me" ta 13th Floor Elevators, lamba 55 kawai ta kai a jadawalin Billboard a zamaninta, ki kasa kunne ki jira inda tulun Tommy Hall zai shigo.