Dalilin da harbi a ka ba ya kayar da mai sanye da garkuwa nan take a wasan bidiyo

Ka tambayi dalilin da ya sa kake samun abokin karawa a ka da harbi a wasan bidiyo amma bai faɗi ba. Abin ya danganta da wasan da kake bugawa. A wasan Halo, muddin garkuwa, wato kariyar da ke tare harbi kafin ya taɓa ran ɗan wasa, ba ta tarwatse ba, harbin kai da na ƙirji ɗaya suke ga yawancin bindigogi, shi ya sa nake ganin ya fi kyau ka fara kwashe ta da bindigar plasma, sai ka ga walƙiyar garkuwar ta fashe, sannan ka ɗaga saiti zuwa kai. A wasan Valorant kuwa, babbar garkuwa ƙarin maki 50 ce kawai a kan makin rai 100, don haka bindigar Vandal, wadda ke cire 160 a ka, harsashi ɗaya ya ishe ta.