Dalilin da yasa na hana ka ɗora dashbod ɗin

Wa alaikumus salam yarona. Naga saƙonka tun bayan la'asar, ina hanyar dawowa daga Kaduna ne, kuma wannan ba tambayar da ake amsawa a cikin mota bace. Kace ka gama haɗa dashbod ɗin kamfanin takin nan, wato shafin da ke nuna lambobin kasuwancinsu a zane, a manhajar Power BI ta Microsoft cikin kwana uku, komai yana fitowa fes, to me yasa na hana ka ɗora musu, kuma me yasa nace wa Alhaji mai kamfanin aikin zai kai wata uku. Akwai wadda baka rubuta ba amma nasan tana ranka, wato ko dai Oga jan aiki yake don kuɗi su ƙaru. Ban ji haushi ba, nima na taɓa zargin nawa maigidan da haka.

Dashbod ɗinka yayi kyau wlh, na duba shi, hannunka ya fara faɗawa. Amma akwai lamba guda da ka saka a sama da manyan baƙaƙe ka rubuta mata ciniki na wata, ita nake so ka gaya min, cinikin wa? Gobe in Allah ya kaimu kaje ofishinsu na Sabon Gari ka tambayi mutum uku nawa aka sayar a watan jiya. Manajan kasuwanci zai lissafa maka duk buhun da mota ta ɗauka ta fita daga sito. Akanta zai ce shi bai san wani ciniki ba sai wanda kuɗinsa ya shigo banki. Shi kuma mai riƙe da reshen Giwa zai haɗa har da takin da aka ba dillalai bashi da damina sai kaka su biya, kuma ba zai cire wanda aka dawo dashi don buhu ya yage ko ya sha ruwa ba. Duk su ukun babu maƙaryaci a ciki, kowa da abinda yake kira ciniki. Kai kuma ka ɗauki fayil ɗin Excel na mutum ɗaya ka zana masa hoto mai kyau. Ranar da Alhaji zai buɗe wayarsa a taron manajoji yaga miliyan kaza, akanta ya miƙe da takardarsa yace a'a ranka ya daɗe ba haka bane, to shikenan an gama da mu, daga ranar ko gaskiya dashbod ɗin ya faɗa sai an ce bari a tambayi akanta tukuna. Na ga haka da idona ba sau ɗaya ba. Shi yasa wata na farko a cikin ukun nan kusan duk zama ne da mutane, a rubuta a takarda cewa ciniki yana nufin kaza, bashi yana nufin kaza, kayan sito yana nufin kaza, Alhaji yasa hannu, sannan mu rubuta lissafin sau ɗaya tak a cikin tsarin bayanai guda, duk wani rahoto ya riƙa ɗiba daga nan. Kada kowane rahoto yazo da nasa lissafin, nan ne ake samun lamba biyu a kamfani ɗaya.

Sannan ita kanta datar, ka zauna ka kalle ta da kyau kuwa? Wani reshe yana rubutawa da buhu, wani da tan. Buhun taki kilo 50 ne, kaga tan ɗaya buhu 20 kenan, amma masarar da suke karɓa a madadin kuɗi buhunta kilo 100 ne, in ka tara su a layi ɗaya kace adadin buhu ka haɗa doya da manja. Dillali ɗaya an rubuta sunansa kala huɗu, nan da Alh. can da Alhaji, can kuma da laƙabinsa na kasuwa, kwamfuta kuwa mutum huɗu take gani, sai bashinsa ya rabu gida huɗu ya zama kamar ba a binsa komai. Wadda tafi cin mutane ita ce kwanan wata. Mu nan in an rubuta 03/04/2025 to 3 ga Afrilu ake nufi, a tsarin Amurka kuwa 4 ga Maris ne, in kwamfutarka tana kan saitin Amurka Power Query, sashen da ke shigo da data cikin Power BI, zai juya maka su bai ce komai ba, sai waɗanda ranar ta wuce 12 ne zasu nuna kuskure ka gani, sauran kuma sun riga sun ƙaura wani watan shiru. Ka koma ka duba naka, ina da yaƙinin cinikin farkon Afrilu ya watse cikin wasu watannin.

Kuma Excel ba ma'ajiya bace ta dindindin, shafi ɗaya layi 1,048,576 yake ɗauka ya tsaya, kuma tun kafin a kai nan fayil ɗin ya fara nauyi, wani ya goge layi bisa kuskure, wani ya ƙara ginshiƙi a tsakiya komai ya karye. Zamu ja daga manhajar akanta kai tsaye mu zuba a rumbun bayanai namu, teburin ciniki a tsakiya, ƙananan tebura na dillalai da kaya da rassa da kalanda su kewaye shi.

Yanzu maganar ɗorawa. Abinda ke kan laftof ɗinka Power BI Desktop ne, kyauta ne, kuma shi ya ruɗe ka. Da zarar ka tura shi intanet don wasu su gani, kai mai turawa sai da lasisi, su masu kallo ma sai da lasisi, sai fa in kamfani ya sayi babban ƙarfi na tsarin Microsoft Fabric daga matakin F64 zuwa sama, wanda ba kuɗin kamfani irin wannan bane. Lasisin Power BI Pro dala 10 ne a wata ga mutum ɗaya shekara da shekaru, a Afrilun 2025 Microsoft suka mai dashi dala 14. Alhaji yace yana so ma'aikata 40 su samu, ka buga, dala 560 duk wata, 6,720 a shekara, sai ka juya shi da canjin yau kaga ko zai yi murmushi. Tunda aka saki naira a Yunin 2023 duk wani abu da ake biya da dala sai an zauna an yi masa lissafi na gaske, ba a faɗa wa mai kuɗi bayan ya saba da abu. Ni a ganina mutum goma sha biyu sun isa a fara dasu, sauran a fitar musu da takarda ko PDF. Akwai wasu manhajojin dashbod, Metabase da Apache Superset, waɗanda ba a biyan lasisi in kai zaka ɗora su a kan saba ɗinka, wato kwamfutar da za ta riƙe su kullum a kunne, ina son su kuma nayi aiki dasu, amma kyautar tasu irin kyautar doki ce, ciyarwa na kanka, kuma a kamfanin nan babu wanda zai iya kula da saba ɗin in mun tafi. Tableau kuwa, wanda Salesforce suka saya a 2019, kaya ne mai kyau amma ya fi ƙarfin aljihun aikin nan. Tunda suna da Microsoft 365 dama, mu tsaya inda muke.

To ga inda na fi so ka buɗe kunne. Datarsu tana cikin kwamfuta a ofis, dashbod kuma yana can a intanet, abinda ke haɗa su wata ƴar manhaja ce da ake kira getwe, kuma duk lokacin da za a sabunta lambobi dole injin da take kai ya kasance a kunne da intanet. Bari in baka labarin abinda ya same ni, a wani kamfani da ba zan kira suna ba. Ina sauri na ɗora getwe a laftof ɗin wani ma'aikacinsu da niyyar in mayar kan saba daga baya, na manta. Sallah tazo yaron ya rufe laftof ya tafi garinsu. Sabuntawa ta faɗi sau ɗaya, sau biyu, kuma ƙa'idar Power BI ita ce in ta faɗi sau huɗu a jere sai ya kashe jadawalin gaba ɗaya, ko an dawo an kunna injin ba zai ci gaba da kansa ba sai an shiga an tayar dashi. Imel ɗin gargaɗi kuma yana zuwa wani akwati da ba mai buɗewa. Dashbod yana nan yana buɗewa lafiya lau da kalolinsa, sai dai lambobin na kafin Sallah ne. Manaja ya duba yaga akwai kaya a sito, ya karɓi kuɗin mutane ya tura mota, mota taje ta tarar da sito wayam. Ranar na sha faɗan da har yau in na tuna sai naji kunya, kuma laifina ne, ba na yaron ba.

Daga ranar na ɗaukar wa kaina dokoki. Getwe a kan injin da ba ya barci ba ya tafiya ƙauye, da waya ba wayales ba, a kan inbata, don kasan yadda wuta take mana a garin nan, kuma in da hali a ɗora na biyu a wani injin su zama tagwaye. Makullin maido da getwe, wanda ake sakawa ranar ɗorawa, a rubuta shi a ba Alhaji ya kulle a sef, don in ya ɓace Microsoft ma basu da kwafinsa. Asusun da yake shiga rumbun bayanai ya zama na aikin ne, ba na wani mutum ba, don ranar da mutumin ya canza fasawod ko ya bar aiki komai zai tsaya cak. Saƙon gargaɗi ya tafi wajen mutum biyu masu buɗe imel da gaske. Sannan a saman kowane shafi a rubuta ranar da lokacin da aka sabunta lambobin na ƙarshe, manya yadda ko ba tabarau za a gani. Wannan ɗan layin da a ce na saka shi a wancan kamfanin da motar bata tashi ba.

Pro sau 8 yake bari a sabunta a rana, kuma tsarin bayanan kada ya wuce gigabait 1, mu duka biyun sun ishe mu, sau uku ma ya wadatar. Amma kada ka saka sabuntawa tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya, don agogon Power BI na intanet yana kan UTC ne, wato lokacin bai ɗaya na duniya, mu kuma muna gaba da awa ɗaya, a wannan tsakanin in lissafinka ya tambayi yau wace rana zai baka jiya. Ka sa ta bayan asuba kafin a buɗe ofis.

Sai maganar wa zai ga me. Manajan Funtua bashi da hurumin ganin ribar reshen Saminaka, balle jerin waɗanda ake bi bashi da lambobin wayarsu. Akwai tsarin da ake tace layuka gwargwadon wanda ya shiga, RLS ake ce masa, zamu saka, amma ga tarkon da yake kama yara, tacewar tana aiki ne kawai a kan wanda aka ba matsayin Viewer, wato mai kallo kawai, a zauren aikin, inda ake ajiye dashbod a intanet. Ka ba mutum Member ko Contributor, matsayin masu iya gyara, don ya daina damunka da waya, to ka buɗe masa komai. Kuma akwai wani maɓalli Publish to web, naga kana shawagi kusa dashi don masu kallo basa buƙatar lasisi, kada ka kuskura, wannan duk duniya kake buɗe wa, duk mai link ɗin zai gani ba tare da fasawod ba. Ranar farko zan shiga saitin admin in kashe shi ma gaba ɗaya. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a Najeriya da hukumar NDPC da ke kula da ita, sunayen manoma da lambobinsu ba namu bane da zamu baza.

Kuma ba a gyara a kan wanda mutane suke kallo. Zaure uku zamu buɗe, na gini, na gwaji, da na aiki. Kai kana na gini, ka fasa ka gyara yadda kake so. In ka gama mu tura na gwaji, akanta ya zauna da littafinsa ya gwada wata uku na baya, kobo da kobo, in ya dace yace ya yarda sannan ya wuce na aiki. Shi akantan nan da kake ganin yana mana taurin kai, ka lallaɓa shi, ka riƙa gaishe shi da kyau, tsoro yake ji kada na'ura ta karɓe masa kujera, kuma in shi ya tsaya gaban Alhaji yace lambar nan daidai ce to babu mai sake musu.

Watan ƙarshe na koyarwa ne da miƙa aiki. A zaɓi mutum ɗaya a cikinsu wanda zai duba tarihin sabuntawa kowace safiya, ya san yadda ake cire wanda ya bar aiki a karɓe lasisinsa, ya riƙa sabunta getwe tunda kusan duk wata ake fitar da sabo kuma guda shida na ƙarshe kawai Microsoft suke tallafa wa. Bayan wata biyu mu duba rahoton amfani muga wane shafi ake buɗewa, wanda ba a taɓawa mu cire shi ko da kai ka fi sonsa, kuma ina zargin taswirar nan mai juyawa da ka ɓata kwana guda a kanta tana cikinsu.

Gobe ƙarfe tara ka same ni a Kwangila mu wuce Sabon Gari tare. Kazo da littafi da biro, laftof ɗin ka barshi a jaka tukuna, akanta zamu fara gani kuma kai zaka yi masa tambayar cinikin, ni zan yi shiru in saurara. Ka gyara kwanan watan nan kafin ka kwanta, ka turo min jimillar Maris da Afrilu in gani.